Lambar da Rhoda Ta Ƙi Gogewa

Duk wanda ya taɓa neman a buga masa takardar neman aiki ko ta sayen fili a Kontagora, da wuya a ce bai san shagon Rhoda Sati ba. Ɗan ƙaramin shago ne a bakin hanyar Rijau, tsakanin mai faci da mai sayar da maganin feshi. A ciki akwai tebur ɗaya, da kwamfuta, da injin fotokwafi wanda sai an danne murfinsa da hannu yake aiki, da bencin masu jira. Mutanen unguwa Maman Janet suke ce mata. Waɗanda suka san ta tun tana ofis kuwa, har yau Madam suke kiranta.

Ba 'yar gari ba ce. A wani ƙauye bayan Rijau aka haife ta, gidan manoma, kuma da Dukanci ta buɗe baki. Hausa sai da ta shiga firamare ta zauna mata, har yanzu ma in ta gaji harshen gida yakan leƙo cikin maganarta. Ƙanen mahaifinta ne ya kawo ta Kontagora tana da shekara goma sha bakwai, ya sa ta koyon tafireta. Daga nan ta sami aiki a wani ofishin gwamnati, ta shekara ashirin da takwas tana buga wasiƙun da wasu ke sa wa hannu. A gabanta tafireta ta tafi, kwamfuta ta zo, ta zauna da girmanta ta koye ta. Ba ta taɓa zama shugabar komai ba. Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta kuskuren lamba. In ta buga lamba sau ɗaya, to ko bayan wata uku aka kawo mata ita da canji, sai ta ɗaga kai ta ce, "Wannan ba haka take ba."

Mijinta Benjamin malamin firamare ne. Shekara biyu bayan ta ajiye aiki ta buɗe shagon, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana shirin tafiya coci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai da ƙyar. 'Yarsu ɗaya tilo, Janet, tana aikin jinya a Minna, can take aure. Tun daga ranar rayuwar Rhoda ta koma tafiya tsakanin wuri biyu. Da safe ta yi masa wanka, ta ba shi kunu a baki, ta kwantar da shi ta ɓarin da ba zai yi gyambo ba, ta roƙi maƙwabciyarta Larai ta riƙa leƙa shi, sannan ta hau mashin zuwa shago. Da azahar ta koma ta juya shi, ta dawo. Da yamma ta koma ta ɗora tukunya. Bayanta ya fara ciwo, idonta na hagu ya fara ganin hazo, ba ta gaya wa kowa ba.

A haka wani aikin agoguna ya same ta, a daminar shekarar da aka yi kullen korona.

Wata rana da hantsi wata budurwa ta shigo shagon riƙe da baƙar leda. Rhoda ta gane ta: Jawahir ce, 'yar Alhaji Ɗan'azumi, babban dillalin hatsi wanda ke sayen masara da waken suya a Kaboji da Kumbashi yana loda tireloli zuwa kudu. Tun Rhoda na ofis take buga masa wasiƙu, don shi boko bai ratsa shi ba.

"Mama, Baba ne ya aiko ni," in ji Jawahir bayan sun gaisa. Ta zazzage ledar a kan tebur.

Takardu ne, wasu sun manne da juna saboda ruwa, wasu gara ta cinye gefensu. Akwai 'yan katuna masu kauri kamar katin banki, da ƙananan littattafai masu rubutun Turanci da Larabci da wasu harsunan da Rhoda ba ta sani ba.

"Na mene ne?"

"Na agogunan Baba. A akwatin kwano suke a kan wadirof, rufi ya yi yoyo ba wanda ya lura. Ya aika a wanke masa agogo ɗaya a Abuja, suka ce sai an nuna katinsa, aka buɗe akwati aka ga wannan. Kwana uku ba ya cin abincin kirki."

Rhoda ta ɗaga kati ɗaya ta juya shi. "Agogo ma har da takarda?"

"Irin waɗannan in ba takarda kamar fili ne ba takarda, Mama. Kowanne da lambarsa a jiki, lambar nan kuma tana kan kati. In suka dace, naka ne kuma na gaske ne. In ba su dace ba, ko ɓarawo ne kai ko an cuce ka. So muke a sa su duka a kwamfuta, yadda ko gobara aka yi ba za su ɓata ba."

Rhoda ba ta taɓa ɗaura agogo ba a rayuwarta. Ta dubi tarin takardun, ta tuna da Benjamin, ta tuna da bayanta. Sannan ta ce, "To, bari in gani."

Alhaji Ɗan'azumi mutum ne mai sauƙin sutura. Motarsa tsohuwa ce, takalminsa na roba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, shi ne agogo. Ya sayi na farko a Jidda shekarar da ya fara sauke farali, daga nan abin ya zame masa ciwo. A lokacin da Rhoda ta fara aikin yana da ashirin da shida, duka irin waɗanda ba sa cin batir, motsin hannun mai su ne ke ba su rai. Ba ya yarda ko ɗaya ya bar gidan sai da babban dalili, saboda haka ita ce za ta riƙa zuwa. Suka tsayar da Laraba.

Kowace Laraba da ƙarfe goma sai ta rufe shago ta tafi gidansa. A falo za a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, Alhaji ya buɗe akwatin ƙarfensa da kansa, ya fito da agogo ɗaya ko biyu, ba ya wuce haka. Ta ɗauki hoton fuskarsa da wayarta, ta ɗauki na bayansa. Sannan ta ɗora gilashin ƙara girma a kan lambar, wadda ƙanƙantarta ta kai ƙwayar gero, ta ɗauke ta ita ma. Ta karanta lambar da ƙarfi, Jawahir ta duba kati ta amsa. Takardun da suka manne kuwa sai ta tafi da su gida ta shanya a inuwa, ta raba su da bakin reza a hankali, ta sa su a na'urar ɗaukar hoton takardu ɗaya bayan ɗaya. Kati, rasit, takardar gyara, ɗan littafin bayani, kowane agogo da jakarsa a cikin kwamfuta.

Sunayen kamfanonin ba sa zama a bakin Alhaji, don haka shi ya raɗa musu nasa. Akwai Na Jidda, akwai Mai Ruwan Ganye, akwai Shekarar Wake, wanda ya saya a kakar da waken suya ya yi masa albarka, akwai Kurma, don ko an kara shi a kunne ba a jin motsinsa. Da farko Rhoda da sunan kamfani take rubutawa, sai ta ga kullum rigima suke yi. Ta goge, ta bi nasa. Ta kuma riƙa rubuta bayanin kowanne da Hausa, yadda in an karanta masa zai gane.

Aikin da ta zaci na wata biyu ne, sai da ya ci wata bakwai. Kuma da aka gama, bai ƙare ba. Alhaji ya saba. Tana tsaka da ba Benjamin abinci waya za ta yi ƙara.

"Madam, ina Kano. Turo wa wannan mutumin katin Kurma, yana gardama."

Ta ajiye cokali, ta goge hannu, ta fita tsakar gida neman sabis. In hoton ya ƙi tafiya, ya sake kira. In an ɗauke wuta a shago, ta tayar da janareto don takarda ɗaya. A shekara ta biyu kwamfutar shagon ta mutu da komai a cikinta, filash ɗin da ta ajiye kwafi kuma ya ƙi buɗewa. Rhoda ta zauna a kan benci ta daɗe tana kallon bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta da ƙarfinsa. Laraba ta gaba ta koma ta fara daga Na Jidda, kamar ba a taɓa yi ba. A wannan karon ta ajiye kwafi uku: ɗaya a sabuwar kwamfuta, ɗaya a filash, ɗaya a intanet cikin wani imel da Jawahir ta buɗe musu, su biyu kaɗai suka san lambar sirrinsa. Ta kuma ɗora wa kanta wata doka: duk agogon da ya fita gyara, in ya dawo sai ta sake ɗaukar lambarsa, ta rubuta rana.

Bayan nan aka yi auren Jawahir, aka kai ta Kaduna. Larabar ta koma Rhoda da Alhaji kaɗai. Yakan zauna yana ba ta labarin inda ya sayi wannan da wanda ya yi masa tayin wancan, ita kuwa tana "to, Alhaji" tana satar kallon wayarta, don ta san lokacin juya Benjamin ya yi. Wani lokaci takan yi mamakin yadda abu mai girman murfin kwalba ke da takardu fiye da mutum. Ita kanta ba ta da takardar haihuwa, da rantsuwar kotu ta yi aiki har ta gama.

A watan Janairun shekara ta huɗu, Mai Ruwan Ganye ya fara jinkiri. Shi ne wanda Alhaji ya fi so, mai koriyar fuska, shi yake ɗaurawa ranar Juma'a. Ya ba babban ɗansa Lukuman, wanda ke kula masa da lodin motoci, ya ce ya kai shi Abuja wurin wakilan kamfanin su wanke shi. Bayan mako huɗu Lukuman ya dawo da shi yana ƙyalli.

Laraba ta zo. Rhoda ta ɗora gilashi a kan lambar, ta ɗauki hoto, ta faɗaɗa shi a waya. Sai ta tsaya. Ta rufe idon hagu mai hazo, ta duba da na dama. Ta goge gilashin da gefen zanenta, ta sake ɗauka. Lambar da ta buga sau biyu a rayuwarta da bakwai da huɗu take ƙarewa. Wannan da tara da ɗaya ta ƙare, farkonta ma daban.

"Lafiya, Madam?"

"Alhaji, ba ni katin wannan."

Ya miƙo mata. Ta ajiye katin, ta buɗe tsohon hoton na shekara biyu da suka wuce, ta ajiye sabon a gefensa. Boko bai ratsa Alhaji ba, amma mai auna hatsi ya san lamba. Ta nuna masa da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kati da tsohon hoto bakinsu ɗaya. Wannan da ke gabanmu ba shi ba ne."

Alhaji ya ɗauki agogon ya auna shi a tafin hannu. Ya kara a kunne.

"Takardar gyaran da ya kawo fa?" ya tambaya.

"Ba a ba ni wata takarda ba, Alhaji."

Ya tashi ya je ya tura ƙofar falon, ya dawo ya zauna. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wa ya san wannan?"

"Ni da kai."

"To, ya tsaya a nan. Ki goge tsohon hoton. Ki sa wannan lambar a wurin waccan. Katin ni zan san yadda zan yi da shi."

Rhoda ta gane abin da ke ransa. Ya riga ya yanke cewa Lukuman ne ya sayar da na gasken ya kawo masa jabu, kuma ya fi son ya yi asarar agogo da a ce wata rana wani ya buɗe kwamfuta ya ga ɗansa ɓarawo ne. Ta tausaya masa. Ta kuma ji wata irin gajiya ta sauko mata tun daga wuya har gwiwa, don ta san abin da za ta faɗa ba zai yi masa daɗi ba.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Bakina ba zai faɗa wa kowa ba, wannan na yi maka alkawari. Amma ba zan goge ba."

"Kayana ne, Madam."

"Kayanka ne. In ka ce in miƙa maka komai in cire hannuna, yanzu zan miƙa. Amma in rubuta lambar da na san ba ita ba ce, ban taɓa yi ba. Shekara ashirin da takwas a ofis an sha kawo mini irin wannan, ban yi ba. Kuma ni ban ce Lukuman ne ba. Abin da na sani kawai, agogo ya tafi da lamba ɗaya ya dawo da wata. Ka tambaye shi mana."

"In tambayi ɗana ko ya yi mini sata?" Ya girgiza kai. "Ke ba ki haifi namiji ba, ba za ki gane ba."

Maganar ta soke ta. Ta tattara gilashinta da wayarta a jaka. Da ta koma shago ta buɗe jakar Mai Ruwan Ganye, ta sa sabon hoton kusa da tsohon, ta rubuta a ƙasa: "An kai gyara Abuja ranar 9 ga Janairu. Ya dawo ranar 6 ga Fabrairu da wata lamba daban, ba takardar gyara. A dubi hotuna biyun." Ba ta sa sunan kowa ba.

Laraba ta gaba da ta je, mai gadi ya ce Alhaji ba ya nan, alhali ga motarsa a rumfa. Ta sake zuwa ta biyu, haka. Ba ta koma ta uku ba.

Wayar ta daina ƙara. Da farko ta zaci za ta ji sauƙi, sai ta ga ba haka ba. Ranar Laraba da ƙarfe goma takan tsinci kanta tana neman gilashi a jaka. Zafin bazara ya shigo da ƙarfinsa, bayan Benjamin ya fara ƙuraje, sai ta riƙa komawa gida sau uku a rana tana shafe shi da ruwan sanyi. Ciniki ya ja baya, don yanzu kowa da wayarsa yake buga takardarsa. Wata rana tana yi masa fifita ta ba shi labarin duka, don shi ba inda zai kai, amma ba ta ambaci suna ba. Ya saurara da idonsa a kanta. Da ta gama ya motsa baki da ƙyar ya ce, "Daidai." Bai ƙara komai ba, ita ma ba ta nema ba.

A gari kuwa labari ya bazu cewa Alhaji Ɗan'azumi ya cire Lukuman daga harkar lodi ya tura shi gona a Kaboji, ba wanda ya san dalili. Larai ce ta kawo mata labarin, tana tambaya ko ta ji wani abu tunda tana shiga gidan. Rhoda ta ce ita takardu kawai take gani.

Ana saura kwana biyu Babbar Salla, sai ga Jawahir a shagon da goyo a baya. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Mama, na zo gida na tarar Baba ba ya amsa gaisuwar Yaya Lukuman. Yaya ya rantse mini bai san laifinsa ba, har ya rame. Na tambaya ina kike, aka ce kin daina zuwa. Shi ne na buɗe imel ɗin nan in ga inda kika tsaya." Ta juyo da fuskar wayarta. "Mene ne wannan?"

Rhoda ta dubi rubutunta. "Abin da kika karanta shi ne. Na yi wa mahaifinki alkawarin ba zan ƙara komai a kai ba."

"Ba sai kin ƙara ba."

Abin da ya biyo baya, daga bakin Jawahir Rhoda ta ji shi bayan mako uku. Jawahir ta tsare Lukuman ta nuna masa hotunan. Ya riƙe kai. Ashe da ya isa Abuja wakilan kamfanin sun ce sai agogon ya yi wata uku a hannunsu, shi kuma ya san halin mahaifinsa da gajen haƙuri. Wani abokinsa ya kai shi wurin wani mai gyara a wata kasuwa, wanda ya ce mako huɗu ya isa. Ya karɓo abu yana ƙyalli, bai duba lamba ba, bai ma san akwai lamba ba. Ya ɓoye zancen kasuwar ne kawai don kada a yi masa faɗa. Shi da Jawahir suka tafi Abuja da kati da hotuna masu ɗauke da rana. Mai gyaran ya fara musu, ya yi rantsuwa, har aka kai magana gaban shugabannin kasuwar. Da aka jera kati da tsohon hoto da sabon, aka ce za a kira hukuma, sai ya ce a ba shi kwana biyu. Agogon yana hannun wani da ya ba ajiya, yana jiran mai saye, amma rashin kati ya sa duk wanda ya taya sai ya ja da baya. Kwana biyun na cika ya kawo musu shi.

Wata Asabar da yamma Rhoda na wanke-wanke, Larai ta leƙo ta ce ana sallama da ita a waje. Alhaji Ɗan'azumi ne tsaye a ƙofar gida, shi kaɗai. Tsawon shekarun nan bai taɓa sanin inda take zaune ba. Ya ce ya zo duba mai jiki.

Ta shigar da shi. Ya zauna a kujerar roba kusa da gadon Benjamin, ya yi masa sannu, ya yi addu'ar samun sauƙi. Ya dubi ɗakin: bokitin ruwa, tulin zannuwan da aka wanke, robar magunguna, tabarmar da take kwana a kai a ƙasa.

"Shekara nawa yana haka?"

"Bakwai, Alhaji."

"Duk kiran da nake yi miki, nan kike?"

"Yawanci."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wata huɗu ina kallon yaron nan a matsayin ɓarawo. Da kin bi maganata, da haka zan mutu ina kallonsa." Ya gyara hularsa. "Maganar da na faɗa miki ranar nan, ba ta dace ba."

"Ta wuce, Alhaji."

"To, Laraba za ki zo? Mai Ruwan Ganye ya dawo, yana jiran hotonsa."

Rhoda ta dubi Benjamin, ta dubi hannayenta da kumfa ta bushe a kansu. Ta ji daɗin zuwansa, amma daɗin bai rage mata nauyin jiki ba.

"Zan zo. Amma daga nan zuwa kaka ne kawai. Idona ya tafi, Alhaji, lambar nan da ido ɗaya na gan ta. Janet ta daɗe tana cewa mu koma Minna a yi mini aiki, shi ma ya sami masu juya shi. Ka ba ni wanda zan koya wa."

"Wa kike so?"

"Lukuman."

Alhaji ya ɗago ya dube ta, ya gyaɗa kai.

Haka aka yi. Daga Yuli har masara ta bushe, kowace Laraba Lukuman, magidanci mai 'ya'ya uku, yana zaune gefen Rhoda a falon mahaifinsa yana koyon riƙe gilashi ba tare da hannu ya yi rawa ba. Yana da garaje, yakan tsallake lamba, takan sa shi ya sake. Sau ɗaya ya ce, "Madam, ai kusan daidai ne." Ta ce a wannan aikin babu kusan. Ya nemi a cire bayanin watan Fabrairu tunda magana ta mutu. Ta ce a'a, sai dai a ƙara a ƙarƙashinsa. Da hannunsa ya buga cewa na gasken ya dawo ranar kaza, lambarsa ta dace da kati. Ranar Larabar ƙarshe ta miƙa masa filash, ta sa ya canza lambar sirrin imel ɗin a gabanta zuwa wadda ita ba ta sani ba.

Shagon ta bar wa wata mata 'yar cocinsu, da injin fotokwafin da komai. A farkon Nuwamba Janet ta zo da motar haya. Aka shimfiɗa wa Benjamin katifa a kujerar baya, aka ɗaure kaya a sama, har da buhun sabuwar masara da aka aiko daga gidan Alhaji. Larai ta tsaya a ƙofa tana share hawaye da bakin mayafi, tana cewa a riƙa kira.

Rhoda ta zauna a baya, ta ɗora kan mijinta a cinyarta. Janet na gaba tana ba ta labarin likitan idon, da ranar da aka ba su, da ɗakin da ta gyara musu. Ta yi tambaya, ba ta ji amsa ba. Ta waiwayo. Tun ba su gama fita gari ba barci ya ɗauke Rhoda, bakinta a ɗan buɗe, hannunta a kan kafaɗar Benjamin. Janet ta ce wa direba ya rage rediyo, ya kuma bi ramuka a hankali. Har suka wuce Tegina ba ta farka ba.